Sawun Otis a Kan Tafki

"Mama, wannan ne tsohon da ya kashe Otis?"

Junie, 'yata mai shekara biyar, ba ta taɓa koyon magana a hankali ba. Muna tsaye a gaban akwatunan wasiƙu na bakin unguwa, ƙanenta Theo yana goye a ƙirjina cikin rigar sanyi, tsohon da take nunawa kuwa, Arvo Lahti, yana dab da mu. Na so ƙasa ta tsage in shige, sai dai ƙasar ta daskare tun watan Nuwamba.

"Junie! Wa ya gaya miki haka?"

"Kowa."

Arvo ya rufe akwatinsa, ya sunkuyo ya dube ta. "Ba ni ba ne, 'yar ƙarama," ya ce. "Amma na gode. A duk unguwar nan ke kaɗai kika tambaye ni."

Ya juya ya tafi yana dogara sandarsa.

Yarinyar ba ta yi ƙarya ba, kowa ne. Otis karen Darlene Prochazka ne, gajere mai dogayen kunnuwa, marar jin magana, mai haushi ko ganye ne ya faɗo. Ranar Lahadi Darlene ta dawo daga coci ta same shi a sheme jikin shingen Arvo, kusa da hanyar da ke gangarawa tafki. Babu jini, babu rauni. Da safe ya cinye abincinsa tas, da rana ya mutu. Kafin ɗan sanda ya iso, unguwa ta riga ta yanke hukunci: guba ce, kuma Arvo ne, don an sha jin sa yana cewa wata rana sai ya yi maganin wannan karen. Ɗan sandan ya ce in ba likitan dabbobi ya buɗe gawar ba, ba shi da abin yi. Darlene ta ce babu mai sa wa Otis wuƙa.

Gidajen unguwarmu namu ne, amma filin na ƙungiyar mazauna ne, kuma Darlene ce shugaba. Ta kira taron gaggawa ranar Laraba don a kaɗa ƙuri'ar korar Arvo. Mutumin da ya haura tamanin, ba mata, ba ɗa a kusa, a tsakiyar hunturu.

Ni ba tausayi ne ya fara motsa ni ba, gara in faɗi gaskiya. Junie tana cin ƙanƙara kamar alewa, Theo kuma duk abin da hannunsa ya kai, bakinsa ya kai. In Arvo ne ke watsa guba, ina so ya tafi tun kafin Laraba. In ba shi ba ne, to za mu kori tsoho a banza mu koma gida mu kwanta, abin da ya kashe Otis kuma yana nan inda 'ya'yana ke wasa. Na rubuta haka a zauren hirar unguwa na waya. Aka ba ni amsa da hotunan Otis da zukata da kyandirori. Na kashe wayar kafin in jefa ta a tukunyar miya.

Sai na kira Loretta Bellanger.

*

Loretta tana zaune a ƙetaren tafki. Ita mafarauta ke kira in sun harbi barewa ta shige daji da rauni, ita kuma 'yan sanda suka kira shekarar da wani yaro ya ɓata a fadama. Ta kusa saba'in, ba ta da waya mai hoto, ba ta kuma da haƙuri.

"Barewa nake bi, Marnie, ba gulma ba," ta ce da ni.

"Ba gulma nake so ki bi ba. Kare ne."

"Mataccen kare ba ya tafiya."

"Kafin ya mutu ai ya yi."

Sannan ta ce, "An ce ƙanƙara za ta zubo jibi. In ta zubo, ko ni ba ni da amfani. Ki dafa kofi mai ƙarfi, ba irin ruwan wanke kofin da kuke sha ba."

Washegari da hantsi, bayan motar makaranta ta ɗauki Junie, Loretta ta iso. Muka fara da gidan Darlene.

Ƙasa a daskare take, ba a haƙa kabari a wannan lokaci, don haka Otis yana kwance a ɗakin ajiya na bayan gida, a nannaɗe cikin bargonsa, yana jiran bazara. Darlene ta buɗe mana ƙofa idanunta jajur. Mijinta Gordy yana bayanta, ƙato mai sanyin hali, yana murza hularsa.

"Kallo kawai," in ji Darlene. "Kada ki taɓa masa ciki."

"Ba na yanka abin da ba zan ci ba," in ji Loretta. Ta durƙusa. Ta buɗe bakin karen, ta duba dasashi, ta duba tafukan ƙafafu, ta shafa gashin wuya, ta kai hancinta kusa da kunnensa ta daɗe. "Ya yi amai?"

"A'a."

"Tangaɗi fa, da safe? Yawan shan ruwa?"

"Lafiyarsa ƙalau! Har takalmina na coci ya ɗauke ya ɓoye." Ta share hawaye. "Na daka masa tsawa. Abin da na yi masa ke nan na ƙarshe."

"Wa ya buɗe masa ƙofa?"

"Gordy. Karen ya fita yin fitsari bai dawo ba."

"Ina gareji," in ji Gordy da sauri, ba tare da an tambaye shi ba. "Ina gyaran injin kwashe ƙanƙara. Rediyo a kunne. Ban ji komai ba."

Ya miƙa hannu zuwa kwanon gyaɗar da ke kan tebur, wadda ake ajiye wa tsuntsaye. Darlene ta buge hannun ko waiwaya ba ta yi ba. "Likita ya ce ko ƙwayar gishiri, Gordon. Kare na rasa, ba zan ƙara da miji ba."

"Wannan ai ba ta da gishiri."

"Na tsuntsaye ce!"

A waje na tambayi Loretta abin da ta gani.

"Kare mai ƙoshi," ta ce. "Mu je wajen mugun."

*

Arvo ya fara ɗaure kaya. Kwalaye a falo, hoton matarsa a kife bisa kujera. Bai ce mu zauna ba, bai kuma ce mu fita ba.

"Ka ce za ka yi maganin karen?" Loretta ta tambaye shi.

"Na ce."

"Sau nawa?"

"Kullum. Na kuma ce zan yi maganin gwamna, ga shi nan yana yawo."

"An ga koren ruwa a ƙarƙashin motarka."

"Tun bara take yoyo. Duk wanda ya damu ya saya mini sabuwa."

Wannan koren ruwan shi ne hujjar unguwa. Ruwan hana injin mota daskarewa ne, yana da zaƙi, karnuka na lasa su mutu. Hotonsa ya zagaya wayoyinmu ya fi sau ashirin. Loretta ta kwanta rub da ciki a gefen motar, ta leƙa, ta tashi tana kakkaɓe riga.

"Sawun tsoho, sawun zomo, sawun mata uku da suka zo ɗaukar hoto. Babu kare. Kuma wannan abu ba ya kisa tsakanin karin kumallo da abincin rana. Kare yakan yi yini yana tangaɗi kamar mashayi, yana amai." Ta dubi Arvo. "Ka daina ɗaure kayan nan tukuna."

"Na san mutanen nan tun kafin a haifi wannan," ya ce, yana nuna ni da haɓa. "In sun kawo abinci wurin taro, to sun gama shawara. An ce Darlene za ta gasa kek."

Daga nan muka shiga wurin Shawna Ostby mai kaji, don kowa ya san ɓeraye sun dame ta. Tun kafin mu buɗe baki ta fara kuka.

"Na sani! Na san za a zo kaina! E, na sa maganin ɓera. Kada ki gaya wa Darlene, Marnie, don Allah, ita ce ke riƙe mini yara ranar Alhamis."

Jinina ya hau. "Maganin ɓera, Shawna? A nan? Ko makon jiya Junie ta zo ɗibar ƙwai!"

"A cikin akwati yake!"

"Kuma kika yi shiru ana shirin korar tsoho?"

"Ai ban ce shi ba ne. Zuciya kawai na tura a waya."

Loretta ta sa aka nuna mata akwatin. Na ƙarfe ne, da kwaɗo, ƙofarsa ko hannun Theo ba zai shiga ba, kuma yana cikin akurkin da ke kewaye da waya. "Ba wannan ba ne," ta ce. "Shi ma yana ɗaukar kwanaki. Share hancinki."

Muka fito. Theo ya farka ya fara ƙorafi, ƙafafuna sun mutu da sanyi, mun ɓata rabin yini mun wanke mutum biyu, ba mu kama kowa ba. Na faɗa wa Loretta haka.

"Ke kika ce in yi wa mutane tambayoyi," ta ce. "Ni da ma ƙasa nake tambaya."

*

Inda aka tsinci Otis ya zama kamar filin kasuwa. Duk unguwa ta zo ta tsaya, ta ajiye furannin roba, ta tattake komai. Loretta ta tsaya tana kallon wurin kamar wadda aka zubar wa miya.

"Da gangan aka yi, ko haka kuke?"

"Haka muke."

Ta bar wurin, ta yi ta zagaye, kowane zagaye ya fi na baya faɗi, har ta kai bakin hanyar tafki. Can ta tsaya. A gefen hanyar, inda ƙanƙara ba ta taku ba, ga ɗigo-ɗigon sawun ƙaramin kare, yana gangarawa, yana ratsewa ya shinshina kututture ya dawo.

"Ya sauka," ta ce. Ta tsallaka ɗaya gefen, ta duba, ta dawo. "Bai hau ba."

"Ban gane ba."

"Karen nan ya tafi tafki da ƙafarsa. Da ƙafar wani ya dawo."

Na ƙara ja wa Theo hula muka gangara. Bukkokin masu kamun kifi suna warwatse a kan tafkin da ya daskare, inda suke huda ƙanƙara su jefa ƙugiya, ranar aiki ce, babu hayaƙi a ko ɗaya. Sawun ya miƙe ɗoɗar, ba ratse, kamar na wanda ya san inda za shi, har zuwa wata koriyar bukka mai tutar ƙungiyar ƙwallo a rufi. Ban buƙaci a gaya mini mai ita ba. Ni na ba Gordy ragowar fentin.

Loretta ta zagaya bayanta, sai ta ɗaga mini hannu in tsaya.

"Zo nan. A hankali, ki taka inda na taka. Dubi wannan. Ina farcen yake kallo?"

Na sunkuya, ina tallafe da kan Theo. "Bukka."

"Wannan fa? Da wannan?"

"Duk bukka suke kallo."

"To ina sawun ya nufa?"

Na bi shi da ido. Ya yi nesa da bukkar, ya karkace, ya lanƙwasa, ya sake karkacewa. Kowane taku farcensa na kallon inda ya baro, kuma a gaban kowane akwai ɗan layin da ƙafa ta ja.

"Da baya yake tafiya," na ce.

"Da baya. Kin taɓa ganin kare yana tafiya da baya haka kawai?"

"Guba ba ta sa haka?"

"Mai guba yana tangaɗi ne, amma gaba yake yi, gida yake nema. Dabba ba ta ja da baya sai in kanta na cikin wani abu tana so ta zare shi. Na ga dila da kansa a gwangwani, na ga ɗan beyar da kansa a tulun roba. Duk haka suke yi." Ta nuna da sanda. "Nan ya tsaya da ƙafa uku, yana kartar wuyansa da ɗaya. Nan ya yi karo da tudun ƙanƙarar da aka tara, bai gan shi ba. Nan ya faɗi ya tashi. Nan kuma bai tashi ba."

Wurin ya lotsa daidai girman Otis. A gefensa ga ramuka biyu zagayayyu, da shaidar tafin hannu babba.

"Gwiwoyi," in ji Loretta. "Ya daɗe a durƙushe, har ƙanƙarar ta narke ta sake daskarewa."

Na waiwaya na dubi bukkar. Kusa take ƙwarai, da na yi tari wanda ke ciki zai ji.

A bayan bukkar, ƙarƙashin matakala, akwai bokiti a kife rabi. Loretta ta jawo shi da sanda. Ledodin soyayyen dankali ne, irin masu ƙyalli a ciki, fanko, an cusa su har baki, na hunturu guda. Ɗaya tana can ƙasa, an dunƙule ta da ƙarfi. Ta warware ta. Cikinta ya yi farin raɓa daskararre, ga gashi ja-ja manne a bakinta.

"Gishiri da tsami," ta ce. "Warinsa na ji a kunnen karen."

Na tsaya ina kallon ledar. Irinta biyu ne a saman firijina a lokacin, kuma muna da kyanwa.

Muka wuce garejin Gordy don mu ba shi damar faɗa da bakinsa. A kulle. Motarsa ba ta nan. Na kira shi bai ɗauka ba, na bar masa saƙo cewa mun je koriyar bukka. Har Laraba bai kira ni ba.

*

Zauren taro ya cika, ga kofi, ga kek ɗin Darlene a kan tebur. Arvo yana kujerar gaba shi kaɗai, hularsa a gwiwa, kujerun da ke kusa da shi babu kowa. Shawna ta laɓe a bayan tukunyar kofi. Gordy yana tsaye a bakin ƙofa da rigar sanyinsa a jiki.

Darlene ta buga cokali a kofi. "Kowa ya san abin da ya tara mu. Ba sai an ja magana ba."

Na miƙe. "Sai an ja."

"Marnie, ba ki cikin jerin masu magana."

"To ki sa ni. Na kawo Loretta Bellanger. Amma kafin nan, duk yaran da ke ɗakin nan su fita su tafi ɗakin wasa. Junie, har da ke."

"Me ya sa?"

"Don duk abin da kika gani sai kin gwada. Fita."

Da ƙofa ta rufe, Loretta ta fito gaba ba gaisuwa. Ta ce ba ruwan mota ba ne, ta faɗi dalili. Ta ce ba maganin ɓera ba ne, Shawna ta saki wani sauti kamar kaza. Ta ce karen bai mutu jikin shingen Arvo ba, a kan tafki ya mutu, ɗauko shi aka yi.

"To ai shi ke nan!" in ji wani daga baya. "Can tsohon ya ja shi."

"Da sandarsa da gwiwarsa ta ƙarfe?" in ji Loretta. "Ya ɗauko kare ya hau gangaren nan? Kai da ƙafafunka biyu sai ka huta a tsakiya, Duane, na sha ganin sawunka."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Loretta ta zaro wata sabuwar leda fanko daga aljihu, ta kafa bakinta a kan hanci da baki, ta ja numfashi sau ɗaya. Ledar ta tsotse, ta manne mata a fuska kamar fata. Sai da ta sa hannu biyu ta ɓanɓare ta.

"Ni ina da yatsu," ta ce tana haki. "Shi ba shi da su. Ya sa kai don ya lashe gishirin ƙasa, ya ja numfashi, ta kama wuyansa. Duk jan da zai ƙara, ƙara kama shi take. Ba ya iya haushi. Kafin ruwan kofi ya tafasa an gama."

"Ƙarya ne," in ji Darlene, amma a hankali. "Babu irin wannan a gidana. Tun da likita ya yi magana ban bar ko ɗaya ta shigo ba. Har shara nake dubawa."

"Na yarda," in ji Loretta. "Shi ya sa ba a kawo su sharar gida ba."

Ta ajiye ɗaya ledar a kan tebur, kusa da kek, wadda ke da gashin. Ba ta ambaci sunan kowa ba, ba ta ce a ina ta samo ta ba. Darlene ta dubi gashin. Ta dubi rubutun jikin ledar. Na ga lokacin da ta gane.

"Gishiri da tsami," ta ce. "Mutum ɗaya na sani a duniya da ke cin wannan abu mai wari." Ta ɗago. "Gordon."

Gordy ya cire hula. Ƙaton mutum, ya fashe da kuka kamar yaro.

"Ina ba shi ɗaya-ɗaya, Dar. Yana so. Mu biyu muke zuwa in kin tafi coci. Na sake shi ya zagaya, kifi ya kama ƙugiya, ko minti nawa ne? Ban ji komai ba, na rantse. Da na fito na cire masa, na hura masa iska a hanci, na yi ta hurawa. Na ɗauko shi zan kawo gida, da na kai shingen Arvo sai na hango motarki ta shigo. Na ajiye shi in je in yi tunanin abin da zan ce miki. Kafin in dawo kina ihu guba ce, kowa yana cewa guba ce..."

"Sai ka yi shiru," in ji Darlene.

"Na ce gobe zan faɗa."

"Gobe!" Ban san lokacin da na yi magana ba. "Tsoho yana ɗaure kayansa a kwali, ni na hana 'ya'yana taka waje, Shawna ta kusa haɗiye zuciya, kai kana jiran gobe? Don kada a ce ka ci dankali?"

"Ba ki san Darlene ba," ya ce cikin kuka.

"Kowa ya san Darlene!" in ji Duane.

Darlene ba ta ji su ba. Ta ɗauki ledar tana shafa gashin da yatsa. "Duk hunturun nan," ta ce, "ina dafa maka abinci kamar na asibiti, ina ci tare da kai don kada ka ji haushi." Ta ajiye. Ta juyo wurin Arvo. "Arvo, ni..."

Arvo ya miƙe da ƙyar, ya sa hularsa.

"Za a yi ƙuri'ar ko ba za a yi ba? In ba za a yi ba, ina da aiki."

"Ba za a yi ba."

"To." Ya dubi zauren, mutum bayan mutum, kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa. "Gordy, kwalayen nan da wahala na ɗaure su. Gobe da safe ka zo ka kwance, ka mayar da komai inda yake. Zan zauna in nuna maka." Ya nufi ƙofa, ya tsaya a gaban tebur, ya yanki kek babba ya naɗe a takarda. "Wannan ai don ni aka gasa."

Ya buɗe ƙofa ya fita.

*

Da na koma gida ban cire takalmi ba. Na ɗauki almakashi, na durƙusa, na bi ɗakunan da rarrafe, daidai tsayin kyanwarmu da na Theo. Abin da na samu ya ba ni haushin kaina. Ledodin saman firiji, inda kyanwar ke kwana. Ledar cikin kwalin abin karin kumallon yara, a buɗe kan tebur. Ledar burodi. Wata ta cuku a ƙarƙashin kujerar da mijina ke kallon ƙwallo. Har buhun abincin kyanwar kansa, da 'yan ƙwayoyi a ƙasansa, bakinsa daidai kanta. Kwandon sharar kicin kuwa ba shi da murfi tun da Junie ta mai da murfin garkuwa.

Mun ɓata kwanaki muna neman mugu, mun kusa jefa tsoho a titi, alhali abin yana cikin kowane gida a unguwar, mu da kanmu muke sayo shi.

Saboda haka ke mai karanta wannan, ko kai, in akwai kare ko kyanwa a gidanku, ku ajiye labarin nan ku tashi. Ku juye abin da ke cikin leda a roba mai murfi. Duk ledar da ta ƙare, ku yanke gindinta, ku tsaga gefenta har ta zama shimfiɗa, sannan ku jefar, ko a gida, ko a mota, ko a inda kuke ɓoye abin da aka hana ku ci. Ku sa wa shara murfin da hanci ba ya ɗagawa. Ku gaya wa baƙi, ku gaya wa yara, ku duba bayan an watse daga biki. Kada ku ce naku yana da wayo, ko yana da ƙarfi, ko ai kuna gida za ku ji. Gordy yana nan kusa, bango ɗaya na katako ne tsakaninsu. Ba za ku ji komai ba.